Balao-balao da Bagoong: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsimammen Jatan Landen Filifin

Duk wanda ya taɓa zama kusa da 'yan Filifin, ko a Jidda, ko a Dubai, ko a gidajen ma'aikatan asibiti, ya san ranar da suka buɗe wata kwalba a kicin. Warin ne ke fara yin sallama. Mutane da yawa daga nan suke yanke hukunci, su ce ruɓaɓɓen abu ne. Ni kuwa ina ganin wanda ya tashi a gidan da ake daka daddawa ya fi kowa cancantar ya tsaya ya fahimci abin da ke cikin wannan kwalba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Mene ne ainihin abin da ke cikin kwalbar?

Jatan lande ne da aka tsima da gishiri. Amma iri biyu ne manya, kuma masu su ba sa haɗa su.

Na farko shi ne bagoong alamang. Alamang wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande ne na teku, mafi yawansu ba su wuce santimita 2 zuwa 3 ba, masana na kiran danginsu Acetes. A cakuɗa su da gishiri mai yawa, a rufe, a bar su makonni ko watanni har su zama kamar ƙulli. Wannan ana cinsa a ko'ina cikin ƙasar.

Na biyu shi ne balao-balao, wanda ake kuma kira burong hipon, mutanen lardin Pampanga kuma su ce tagilo. Shi wannan ɗanyen jatan lande ne da dafaffiyar shinkafa da gishiri, a rufe su tare har su yi tsami. Abincin yanki ne, gidansa tsakiyar tsibirin Luzon, arewa da Manila. Ko a cikin Filifin akwai waɗanda ba su taɓa sa shi a baki ba, akwai kuma waɗanda suka gani suka kau da kai, domin kamanninsa kamar kunun shinkafa ne da ya kwana, da jajayen jatan lande a warwatse a ciki.

Yaya ake yin balao-balao?

Aikin ba shi da kayan haɗi da yawa, sai dai yana son tsafta da haƙuri. Ana dafa shinkafa ta yi laushi fiye da ta ci, a baza ta ta huce sarai. Wannan hucewar ba abin wasa ba ce: in aka zuba jatan lande a shinkafa mai zafi, ya fara dahuwa ke nan, kuma tsimin ba zai tafi daidai ba. Jatan landen kuma dole ya zama sabo fil, an fi so ma a same shi yana motsi. A wanke, a datse gashin bakinsa da tsinin kansa, a bar ɓawon. A barbaɗa masa gishiri, a ajiye shi na wasu sa'o'i ya fitar da ruwa. Sannan a cakuɗa da shinkafar, wadda ta ninka jatan landen sau da dama.

Daga nan sai ɗurawa a kwalba ko tulu. Ana danna shi sosai da cokali ko da hannu don kada iska ta samu wurin ɓuya, a bar ɗan fili a sama saboda zai taso, a rufe. A yanayin zafin ƙasar, kwana 7 zuwa 10 ya isa.

Wanda ya sa wa kwalbar gilashi ido zai ga abin sha'awa. Ranar farko jatan landen toka-toka ne, kamar yadda ya fito daga ruwa. Bayan kwana biyu ko uku sai ya fara yin ja, kamar an dafa shi, alhali wuta ba ta taɓa shi ba. Ƙananan kumfa na hawa ta jikin gilashin, shinkafar na saki tana zama ruwa-ruwa. Zuwa ƙarshen mako, ɓawon da zai soki harshe a da ya yi laushin da ba sai an ɓare ba.

Me ke hana shi ruɓewa? Ai ɗanyen abin ruwa ba ya kwana.

A nan hikimar take, kuma hanyar bagoong daban ce da ta balao-balao.

A bagoong, gishiri ne mai gadi. Awon da aka saba shi ne kashi ɗaya na gishiri ga kashi uku na alamang. Da gishiri mai yawa haka, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ba sa iya sakewa. Abin da ke ci gaba da aiki shi ne sinadaran narkar da abinci da ke cikin jikin jatan landen kansa. Su ne ke warware naman a hankali, su mai da shi ƙulli mai ɗanɗano. Ruwan da ke tasowa a saman irin wannan tsimi, musamman na kifi, shi ake tacewa a kira patis, romon gishirin da ba a raba teburin ɗan Filifin da shi.

A balao-balao kuwa gishirin bai kai haka ba, tsami ne mai gadi. Shinkafar abinci ce ga wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, dangin waɗanda ke mai da madara nono, su kuma tsamar da gasarar koko. Suna cin sitacin shinkafar suna fitar da tsami, tsamin ya yi ƙarfin da miyagun ƙwayoyi ba za su rayu ba. Tsamin ne kuma ke narkar da taurin ɓawon. Gishirin farko aikinsa ya riƙe ƙofa na kwana biyu kafin tsamin ya kankama.

Wannan dabara ta tsima abin ruwa da shinkafa tsohuwa ce a Asiya. A Japan har yau ana yin funazushi a gefen tafkin Biwa, kifi da shinkafa da gishiri, kuma daga irinsa ne sushi na yanzu ya samo asali. A Malaka ta Malesiya akwai cincalok, shi ma ƙananan jatan lande ne da shinkafa.

To me ya sa yake wari haka?

Saboda nama na warwarewa. Yayin da furotin ke narkewa yana sakin abubuwa iri biyu a lokaci guda: masu ɗanɗano da masu wari. Cikin masu ɗanɗanon akwai gulutamet, sinadarin da masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano sirrin ɗanɗanonsa a 1908, wanda shi ne ƙashin bayan ɗanɗanon dunƙulen da muke jefawa a miya. Cikin masu warin akwai amoniya da danginta. Ba a samun ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Mu ma haka muke da daddawa. Kalwa ce aka dafa aka rufe ta kwana biyu ko uku, ta fito da yauƙi da warin da baƙo zai toshe hanci. Amma a jefa ta a miyar kuka a ga yadda miyar ke tashi. Babu uwar gidan da za ta yarda a ce mata daddawarta ruɓaɓɓiya ce, domin ta san bambancin wadda ta yi da wadda ta lalace, da hanci kawai. Matar Pampanga ma haka take da tulunta. Tagilo mai kyau tsaminsa mai tsafta ne, yana tsinka yawu. Wanda ya lalace kuwa ɗoyi yake, ya yi baƙi ko kore, kuma ba a gardama a kansa, zubarwa ake yi.

Hausawan Gana sun san momoni, tsimammen kifin da ake saka ɗan kaɗan a miya. Shi ma ɗan gidan ne.

Ɗanye ake ci?

Balao-balao dai soya shi ake yi. A sa mai a kasko, a soya tafarnuwa da albasa, wasu su ƙara tumatir ko citta, sannan a juye tsimin a yi ta juyawa har ya yi kauri mai ya fito. A nan ne warin ke cika gida, a nan ne kuma yake sauyawa: kaifin ya kwanta, ƙamshin tafarnuwa ya shiga, abin ya koma wani mai maiƙo, mai tsami da gishiri.

Yadda ake cinsa a Pampanga shi ya fi burge ni. Ba a cika kwano da shi a ci kamar fate. Ana ajiye shi a tsakiya, gefe ga soyayyar tarwaɗa ko gasasshiyar karfasa, ga dafaffen gauta dogo, da kuɓewa, da ampalaya, wani ɗan'uwan garafuni mai ɗaci. Sai ɗanyen ganyen mustad. Mai ci ya shimfiɗa ganyen a tafin hannu, ya gutsuro tsokar kifi ya ɗora, ya ɗebo tagilo kamar rabin cokali ya shafa, ya naɗe ya kai baki a loma ɗaya. Ganyen na da yaji-yaji, kifin na da maiƙo da ƙamas-ƙamas, tsamin ya zo ya yanke maiƙon. Da hannu ake ci, abin da suke kira kamayan, kuma shinkafa fara na gefe ko da yaushe.

Na fara ɗanɗana shi ne a gidan wata ma'aikaciyar jinya 'yar Pampanga da muka yi maƙwabtaka. Kafin ta zuba mini sai da ta nuna mini kwalbar man da ta soya da shi, man gyaɗa ne, don ta san abin da zan tambaya. Wannan kulawar ta zauna mini a rai kamar yadda ɗanɗanon ya zauna.

Bagoong alamang kuwa ana iya cinsa yadda yake, a matsa masa kalamansi, ɗan ƙaramin lemon tsaminsu. Amma an fi soya shi da tafarnuwa, albasa, sukari da barkono, ya zama bagoong guisado, mai launin ƙasa-ƙasa, zaƙi da gishiri a haɗe.

Me ya sa Pampanga ta yi suna da shi?

Ƙasar ce ta ba su. Pampanga fili ne na shinkafa da koguna da fadamu. Fadamar Candaba kan cika da ruwa lokacin damina, kifi da jatan landen ruwan daɗi su yi yawa har a rasa yadda za a yi da su, sannan rani ya zo ruwan ya janye a koma noma. Mutumin da ke da shinkafa a rumbu, da kamun da ya fi ƙarfin tukunyar yau, ba shi kuma da firji, tsimi ne mafitarsa. Kalmar buro ma ma'anarta abin da aka tsima, kuma suna yi da kifi, su kira shi burong isda. A yau ana yi wa lardin kirari da babban birnin girkin Filifin, kuma buro na cikin abincin da 'yan lardin ke alfahari da shi, duk da cewa talauci da tanadi ne suka haife shi.

Da wane irin abinci ake cin bagoong?

Wanda zai fi saurin shiga zuciyar Bahaushe shi ne kare-kare. Miyar gyaɗa ce mai kauri, da wutsiyar sa da tumbi, da gauta, da dogon wake, da furen ayaba. Da gangan ake barin ta salam, kusan babu gishiri, domin kowa zai ɗiga bagoong a lomarsa gwargwadon yadda yake so. Kare-kare ba bagoong kamar tuwo ne ba miya. Wannan ɗabi'a ce ta teburinsu: mai girki ba ya gama ɗanɗano a tukunya, yana barin ƙarshen aikin ga mai ci, ta hanyar 'yan kwanonin dangwale da suke kira sawsawan.

Sai ɗanyen mangwaro. A bakin titi da ƙofar makarantu ana sayar da shi a fere, a soke da tsinke, a shafa masa bagoong. Duk wanda ya ci ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji yana yaro ya san inda aka dosa.

Akwai pinakbet, haɗin kayan lambu na mutanen Ilocos a arewa. Su na asali da bagoong na kifi suke yi, mutanen yankin Manila kuma suka mai da shi da alamang, har da kabewa. Kada ka gaya wa ɗan Ilocos cewa duk ɗaya ne. A yankin Bicol kuma, inda madarar kwakwa da barkono suka yi sarauta, ana zuba shi a laing, wato busasshen ganyen gwaza da aka dafa a madarar kwakwa.

Sunansa ɗaya a duk ƙasar?

A'a. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,600 da harsuna fiye da 100. A Ilocos da Cagayan ana ce wa ɗan jatan landen aramang, kuma garin Aparri da ke bakin kogin Cagayan har biki yake yi da sunansa duk shekara. A Iloilo ana cewa ginamos, kuma nasu a dake yake, ya fi bushewa, ana tula shi a kasuwa kamar tsibi ana yanka wa mai saye. A Cebu uyap ne, a Bicol balaw. Garin Lingayen na lardin Pangasinan ya shahara da sana'ar bagoong, sunan lardin ma ma'anarsa wurin da ake yin gishiri.

Maƙwabta ma kowa da nasa: terasi a Indunusiya, belacan a Malesiya, kapi a Tailan, ngapi a Myanmar. Yawancinsu busassu ne a dunƙule, na Filifin ya fi su ruwa.

Wannan launin ruwan hoda na asali ne?

Wani na asali ne, wani ba haka ba. Jatan lande na da jan launi a jikinsa wanda ke fitowa in ya tsimu, amma ja ne mai duhu, ya karkata zuwa toka ko shunayya. Tun da can ana ƙara angkak, wato shinkafar da aka bari wata irin jar funfuna ta kama, dabarar da ta zo daga Sin. Angkak na ba da ja mai kyau. Amma wanda za ka gani yana ƙyalli kamar alawar yara, wannan rinin abinci ne aka zuba don jan hankalin mai saye. Ni in an ba ni zaɓi, mai duhun zan ɗauka.

Musulmi zai iya ci?

Shi jatan landen, a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, halal ne kamar sauran abin da ke rayuwa a ruwa, kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida ita ce madogara. Malaman Hanafiyya ne suka yi saɓani a kansa. Tsamin kuma irin na nono ne, ba ya bugarwa.

Inda ake taka-tsantsan shi ne wurin suya. Mafi yawan 'yan Filifin Kiristoci ne 'yan Katolika, alade kuma na tsakiyar girkinsu. Sau da yawa ana soya bagoong guisado da kitsen alade ko 'yan gutsattsarin namansa, kuma akwai abinci sukutum, binagoongan, wanda naman alade ne da bagoong. Abin da ake kira Bicol Express ma haka. Saboda haka a karanta jikin kwalba, a tambayi mai girki kai tsaye da wane mai ya soya. Ba za su ji haushi ba, sun saba, domin ƙasar na da Musulminta miliyoyi a Mindanao da tsibiran Sulu, kuma tun 2016 tana da dokar bunƙasa kayan halal na fitarwa. A shagunansu na ƙasashen Larabawa ana samun mai tambarin halal. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a sayi ɗanyen, wanda alamang ne da gishiri kawai, a soya a gida.

Akwai wanda bai kamata ya ci ba?

Wanda jikinsa ba ya jituwa da jatan lande ko ƙaguwa, kada ya kusance shi. Tsimi da suya ba sa kawar da abin da ke jawo ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su yi hattara, domin bagoong gishiri ne zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kuma ko ƙaramin cokali biyu na bagoong sun ci babban kaso daga ciki. Mai juna biyu da ƙananan yara su tsaya ga wanda aka soya ya soyu.

Ina ruwan gishiri da dokar ƙasa?

Ruwa babba. Sana'ar da kashi ɗaya cikin huɗu na kayanta gishiri ne, duk abin da ya taɓa gishiri ya taɓa ta. A 1995 Filifin ta yi dokar da ta wajabta sa aidin a gishirin ci, don yaƙar maƙoƙo. Manufar mai kyau ce, amma ƙananan masu gonakin gishiri da yawa ba su da kuɗin injin, ga filayen bakin teku ana mai da su gidaje da tafkunan kiwon kifi, ga ruwan sama da ke sauka ba a kan lokaci ba. Sannu a hankali ƙasar da teku ya kewaye ta koma sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na gishirinta daga waje. A 2024 aka sa hannu kan sabuwar doka don farfaɗo da sana'ar, wadda ta sassauta wa masu gishirin gargajiya. Abin na damuna, domin in gonar gishiri ta mutu, ilimin da ke tare da ita ma tafiya yake, kuma mai tsima bagoong a tulun ƙasa shi ne na biyu a layi.

Zan iya gwadawa a gida da kirefish ɗin kasuwa?

A'a. Abin da muke saya a Sabon Gari busasshe ne, galibi ma an yi masa hayaƙi. Sinadaran da ke narkar da naman sun riga sun mutu, babu abin da zai tsimu. Ɗanɗanonsu na da dangantaka, don haka in girkin Filifin ya nemi bagoong ba ka da shi, dakakken kirefish da aka soya da tafarnuwa, albasa da ɗan sukari zai rufa asiri, amma ba shi ba ne.

Balao-balao kuma yana son sabon jatan lande, wanda ke wahalar samu nesa da teku. Na firji da ya narke ya sake daskarewa ba abin tsimawa ba ne. Wanda ke Legas ko Fatakwal, ya samu sabo daga hannun masunta, zai iya gwadawa: a tafasa kwalbar, kada a rage gishiri, a danne sosai, a ajiye a inuwa, kuma a soya shi sosai kafin a ci. In aka buɗe aka ji ɗoyi maimakon tsami, ko aka ga funfuna baƙa ko koriya, a zubar duka, kada a ce za a kwashe saman.

In an buɗe kwalba, kwana nawa take yi?

Bagoong mai gishiri sosai yana daɗewa, watanni ma, muddin cokalin da ake ɗiba da shi busasshe ne mai tsafta. Wanda aka soya da sukari da tumatir ya fi son firji. Balao-balao shi ne mai gajeren rai: a waje tsaminsa ci gaba yake yi har ya wuce misali, don haka da ya kai yadda ake so sai a soya shi a sa a firji, a cinye cikin 'yan kwanaki. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a yi kaɗan-kaɗan. A kuma ɗaure murfin da leda, don in ba haka ba ruwan sha da madarar da ke firjin duk za su ɗauki warin.